Kafin ka sauya yajin agashe: wane gwajin ɗanɗano zai gaya maka gaskiya?

Kawuna yana gasa agashe a Gadarif ta Sudan tun ban san kaina ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin wutar nan ya san asirin sana'ar a yaji yake. Garin ƙuli, citta, barkono, masoro, gishiri, da wasu abubuwa biyu da ko matarsa bai gaya wa ba. Shekara da shekaru daga hannun wata dattijuwa ta unguwarmu ƙulin ke fitowa. Ita ke soya gyaɗarta, ta kai niƙa, ta matse mai, ta toya ƙulin. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 komai ya yi tsada, ita ma ƙarfinta ya fara ja baya, sai wani mai injin matsar gyaɗa ya yi wa Kawu tayin gari mai rahusa. Abin da ya hana shi barci guda ne: in ya sauya, masu saye za su gane?

Ga yadda ya gwada. Ya gasa tsinke biyu-biyu, ya miƙa wa abokansa uku da ke zama kan benci kullum bayan magariba, ya ce, "Wannan na da ne, wannan kuma sabon." Suka ci, suka yi santi, suka ce masha Allah duka sun yi. Ɗayansu, da ya san inda zuciyar Kawu ta karkata, har ya ƙara da cewa sabon ya fi kama nama. Kawu ya waiwayo ya ce da ni, "To ɗan boko, ka ji da kunnenka." Na ce, "Kawu, a gafarce ni, amma fuskarka suka duba, ba yajin ba."

Ba ƙarya suka yi ba, kara ce. Bahaushe ba ya cin abinka kyauta ya kushe shi a gabanka. Saboda haka duk hanyar da za ka ɗauka cikin waɗanda zan kwatanta, akwai abin da ba a ciniki a kansa. Mai ɗanɗano kada ya san wanne ne wanne, mai miƙa masa ma kada ya sani. A sa wa kowane faranti lamba mai alƙaluma uku, irin 417 da 862, domin in ka rubuta 1 da 2 ido zai raɗa wa harshe cewa na ɗaya ne gaba. Nama daga cinya guda, yanka daidai, wuta guda, zafi ɗaya. A riƙa juya wanda ake fara bayarwa. Kowa kuma ya faɗi nasa shi kaɗai, don in dattijo ya riga magana yaro ba zai ja da shi ba.

Sai abokin gaban wannan aiki gaba ɗaya, canki-canka. Masanin lissafin nan na Ingila, Ronald Fisher, ya ba da misali a 1935 da duk mai zama wajen mai shayi zai fahimta. Wata mata ta ce tana iya bambanta shayin da aka fara zuba wa madara da wanda aka fara zuba ruwan shayi. Ya tsara mata kofi takwas, huɗu haka huɗu haka, ta ware. Hanyoyin zaɓar huɗu cikin takwas guda 70 ne, don haka mai canka ba zai dace da duka ba sai sau 1 cikin 70. Amma dacewa da uku ko fiye cikin huɗun, canki-canka kaɗai na kawo shi sau 17 cikin 70, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wanda ba hujjar komai ba ce. Ma'aunin da aka saba da shi a wannan fanni ke nan: ba a karɓar sakamako sai in damar da dace ke da ita ta haifar da shi ba ta wuce 5 cikin 100 ba.

Hanyar da kowa ya fara koya, har da ni lokacin da nake karatu a Wad Madani, ita ce tirayangul, wadda na fi son kira gwajin fid da bare. A ba mutum loma uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce ya nuna baren. Ko bai ji bambanci ba dole ya zaɓa. Masana'antun giya ne suka yaɗa ta a shekarun 1940, musamman Carlsberg ta Danmak, abin da ke ba ni dariya in na ga muna gwada zoɓo da ita. Jerin da za a iya yi wa loma ukun shida ne, shi ya sa ake son yawan mutane ya rabu da shida: 18, 24, 30, 36. Mai canka na dacewa sau ɗaya cikin uku. Saboda haka cikin mutum 18 sai 10 sun fid da baren kafin ka ce akwai bambanci, cikin 24 sai 13, cikin 30 sai 15, cikin 36 sai 18, cikin 60 sai 27.

Kyawunta shi ne ba sai ka san abin da ya sauya ba. Ba ka ce wa mutum ya nemi gishiri ko ƙamshi ba, ka ce dai ya nemi bare. Amma a nan ne ramin da ƙananan masu sana'a ke faɗawa, kuma a nan zan ɗan daɗe.

A ce Kawu ya tara mutum 24, 11 suka dace. Bai kai 13 ba. Zai tafa hannu ya ce shi ke nan, babu bambanci, a kawo gari mai rahusa. Gwajin bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne ba a kama bambancin ba, kuma rashin kama ɓarawo ba ya nufin ba a shiga gidan ba. Mu yi lissafin. A ɗauka da gaske mutum ɗaya cikin kowane huɗu yana jin bambancin sarai, sauran ukun canka suke yi. In ka haɗa masu ji da masu dace, rabin jama'a ne za su nuna baren. To damar samun 13 ko fiye cikin 24, alhali rabi ne ke dacewa, ba ta wuce 42 cikin 100 ba. Wato in aka maimaita gwajin nan sau goma, wajen sau shida zai wanke yajin da kashi ɗaya cikin huɗu na masu sayenka ke jin ya sauya. Kuma ka san su wa ke cikin wannan kason: tsofaffin abokan ciniki, masu zuwa kullum, waɗanda in suka koma wajen maƙwabci sai ka ji a aljihu.

Tambayar Kawu ta ainihi, wato "sun yi kama har ba za a lura ba?", tambaya ce daban, kuma ta fi tsada. A gwajin kamanni kai ne za ka fara yanke yawan masu ganewa da za ka iya jurewa, sannan ka nemi adadin da bai kamata a wuce ba. Da mutum 60, in kana son tabbacin cewa masu jin bambancin ba su kai 30 cikin 100 ba, masu dacewa kada su haura 25. In kana son ƙasa da 20 cikin 100, kada su haura 21, alhali canki-canka kaɗai kan kawo wajen 20. Ka ga ƙofar ta yi ƙunci. Ƙa'idar ISO 4120, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwajin fid da bare, ita ma abin da ta shawarta ke nan: mutum 24 zuwa 30 don neman bambanci, ninkin haka don tabbatar da kamanni. Mutum 60, loma uku-uku, yanka 180 ke nan kyauta a wannan zamani.

Fid da bare na da 'yan uwa biyu. Diyo-tiriyo, wadda Peryam da Swartz suka bayyana a Amurka a 1950, ta fi sauƙin bayani: ga na gida, ɗanɗana, to cikin waɗannan biyun wanne ne irinsa? Tsoho da yaro duk suna gane tambayar nan take, kuma tana da amfani in mutanen sun daɗe da sanin na asalin. Sai dai mai canka na dacewa rabi da rabi, don haka cikin 24 sai 17, cikin 30 sai 20, cikin 36 sai 24. Wajen kama ƙaramin bambanci ba ta fi fid da bare ba, in ma ba ta ɗan gaza ta ba. Sauƙin kai take saya maka, ba kaifi ba.

Ɗayar ita ce tetirad, gwajin haɗa tagwaye. Loma huɗu, biyu na da, biyu sababbi, a ce mutum ya raba su gida biyu, kowa da ɗan uwansa. Hanyoyin rabon uku ne kacal, don haka damar canka ɗaya ce cikin uku, kuma adadin da ake nema daidai yake da na fid da bare: 13 cikin 24, 15 cikin 30. Amma ƙwaƙwalwa ta fi iya haɗa kama da kama a kan zaƙulo bare, sai ya zama bambanci iri ɗaya yana sa mutane da yawa su dace. In da zoɓo kake gwadawa, misali ka sauya daga na Kurdufan zuwa na wani wuri, wannan zan zaɓa ba tare da jinkiri ba, a kofin da ba a ganin cikinsa don kada launi ya tona asiri. Ga yaji kuwa, a'a. Zafin barkono ba ya barin harshe da wuri, ruwa ba ya wanke shi don sinadarin ba ya narkewa a ruwa, sai nono ko madara da ɗan jira. Kafin mutum ya kai loma ta huɗu bakinsa ya zama garwashi, duk ɗaya yake ji, kaifin da ake yabon hanyar da shi ya tafi.

Yanzu ga wadda nake ganin an fi raina wa, alhali ta fi su duka aiki in ta samu wurinta: loma biyu da tambaya mai suna. Wanne ya fi zaƙi? Wanne ya fi gishiri? Wanne ya fi ƙamshin soyayyar gyaɗa? Tun 1953 wasu masu bincike, Byer da Abrams, suka lura da wani abin mamaki: mutanen da suka kasa fid da bare cikin uku, da aka ce musu su nuna wanda ya fi ɗaci, sai da yawansu suka nuna daidai. Harshen bai sauya ba, tambayar ce ta sauya. In ka aiki yaro kasuwa ka ce ya nemo abin da ya ɓace, zai yi ta yawo. In ka ce ya nemo jar hula, ga ta nan.

Masu lissafi sun auna wannan da ma'aunin da ya samo asali daga aikin Thurstone, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, na 1927. Ɗauki wani ƙaramin bambanci guda, wanda suke ba wa girman 1 a ma'aunin. A fid da bare wajen 42 cikin 100 ne za su dace, alhali canka na ba da 33. A diyo-tiriyo wajen 58, canka na ba da 50. A haɗa tagwaye wajen 49 a kan 33. A loma biyu mai suna kuwa 76 a kan 50. In kana son damar 80 cikin 100 ta kama wannan bambancin, fid da bare da diyo-tiriyo kowace na cin mutum sama da 200, haɗa tagwaye wajen 65, loma biyu mai suna ƙasa da 30. Ka sake karanta waɗannan alƙaluman kafin ka yanka rago saboda tirayangul.

Sharaɗin loma biyu mai suna dai ba wasa ba ne: sai ka san abin da ya sauya, kuma mutane su fahimci kalmar yadda ka fahimce ta. Innata da ke sayar da zoɓo tana son rage sukari, nata mai sauƙi ne, zaƙi kowa ya san shi. Tunda ta san tun farko wanne ya kamata ya fi zaƙi, cikin mutum 30 sai 20 sun nuna shi. In ba ka san ɓangaren da abin zai karkata ba, sai 21. Kada kuma ka jira sakamako ya fito sannan ka ce ai da ma can ka sani, wannan cin amanar lissafi ne. Raunin hanyar shi ne in ka tambayi gishiri alhali abin da ya sauya gari ne ya fi gautsi ko laushi, za ta ce maka lafiya lau, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Duk waɗannan ba su taɓa tambayar so ba. Mutum na iya jin bambanci sarai bai damu ba, ko ma ya fi son sabon. Gwajin fifiko a ido kamar loma biyu mai suna yake, amma tambayar ita ce wanne ka fi so, kuma tunda ba ka san inda za a karkata ba, adadin ya ɗan hau: 21 cikin 30, 33 cikin 50, 39 cikin 60, 61 cikin 100. Mutanen ma daban ne. Don neman bambanci kana son masu kaifin harshe, ko yaran shagonka ne. Don fifiko sai masu saye na gaskiya, waɗanda ke zaro kuɗi daga aljihu. Kada kuma ka jingina tambayar so a bayan fid da bare a zama ɗaya. Wanda ya gama farautar bare yakan ɗauka baren ne mai laifi, wanda ya canka kuwa fifikonsa iska ne.

Abin da nake ƙauna a wannan hanya shi ne tana zagaye kara. Ba ka ce wa kowa ya kushe abincinka ba, ka ce dai ya nuna ɗaya. Amma a yi hattara da kunnen doki. In 30 suka zaɓi wannan, 30 wancan, labari biyu ne ke iya ɓuya a ciki: ko dai ba wanda ya damu, ko kuwa jama'a sun rabu gida biyu kowa na son nasa da gaske. Sananne ne ma cewa in ka ba mutane abu ɗaya a faranti biyu, da yawa za su rantse ɗaya ya fi. Sannan 30 cikin 60 ba ya nufin rabi cif a gari, gaskiyar na iya faɗawa ko'ina daga wajen 37 zuwa 63 cikin 100. Maganin da na sani mai arha shi ne bayan mutum ya zaɓa a tambaye shi: da nisa, ko kaɗan? A rubuta.

Akwai kuma ma'aunin so mai hawa tara, daga "na tsane shi matuƙa" zuwa "ina son shi matuƙa", wanda Peryam da abokan aikinsa suka tsara a Shikago wajen farkon shekarun 1950 don abincin sojojin Amurka. Shi kaɗai ne ke gaya maka ko duka biyun ba su da daɗi, abin da fifiko ba zai taɓa faɗa ba, domin ko cikin munana biyu akwai gwani. Kamfani mai kayan gwangwani da mutum ɗari da kwamfuta, ya yi amfani da shi. A bakin wutar agashe ban ba da shawararsa ba. Hawa taran ba su da kalmomi tara masu tazara ɗaya a Hausa ko a Larabcin Sudan, kuma ga wanda ya ci kyauta, ma'aunin daga bakwai yake farawa. In samfurinka uku ne ko huɗu, gara ka ce a jera su daga na gaba zuwa na baya, a yi lissafin da hanyar Friedman ta 1937, wadda kowace manhajar ƙididdiga ke da ita.

Abu ɗaya da ba harshen da zai gwada maka: gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana iya ɗaukar gubar afalatoksin, kuma ba a dogara da ɗanɗano wajen gano ta. Wannan aikin ido ne wajen tsince gyaɗa, da sanin inda aka ajiye ta, da ɗakin gwaji in da hali. Dattijuwar nan da hannu take tsince tata ƙwaya-ƙwaya a kan faifai. Na ce wa Kawu ya je ya ga buhunan mai injin da idonsa kafin a yi maganar daɗi.

Ga abin da muka tsayar. Fid da bare mun ajiye ta, domin da mutanen da za mu iya tarawa ba za ta kama sai bambancin da ko makaho ya gani ba, kuma shirunta zai ruɗi Kawu. Haɗa tagwaye barkono ya kore ta. Da na shinshina garin biyu a tafin hannu, na injin bai kai na dattijuwar ƙamshin suya ba, don haka muna da suna da za mu kira. Matakin farko: mutum 30, loma biyu, wanne ya fi ƙamshin gyaɗa, kuma mun rubuta tun kafin a fara cewa na da muke zato, saboda haka 20 muke jira. In bai kai ba, wannan shirun ya fi na tirayangul nauyi nesa ba kusa ba. In ya kai, sai mataki na biyu da wasu mutanen daban: masu saye 60 cikin dare uku, wanne ka fi so, da nisa ko kaɗan. In 39 suka tsaya kan na da, magana ta ƙare, araha ba ta ado. In aka yi kusan kunnen doki kuma yawanci suka ce kaɗan, ya sauya, ko ya fara da gauraya rabi da rabi.

Kawu ya yi shiru yana juya tsinke, sannan ya ce, "Sittin? Tsinke ɗari da ashirin kyauta? Kai ɗan nan so kake ka rufe mini shago." Na ce yanka ɗaya-ɗaya ne, Kawu, ba tsinke ba, kuma ƙanwata ce za ta rubuta lambobin ta riƙe takardar, ni da kai ba mai leƙawa. Ya ce to shi ma a jera masa loma ukun nan na fid da bare a rufe, ya ga ko bakinsa zai gane yajin da ya tsufa yana haɗawa. Na ce sau ɗaya ba ya wadatarwa, sai ya dace sau uku a jere, domin nan ne canka ke komawa 1 cikin 27. Ya goge hannu a tsumma, ya ce wa yaron shago ya ruga ya sayo nono.